Kwalaben da Hawaja Ya Ajiye a Faransa

Faransancin da na koya a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram bai taɓa yi mini wani amfani ba sai da na zo Jidda. A gida duk wanda ya yi karatu ya iya shi. A nan kuwa, a kamfanin fiton kaya da nake aiki kusa da tashar jiragen ruwa, ni kaɗai ne, kuma ba wanda ya sani, domin tuƙi aka ɗauke ni yi. Ina kai takardu tasha, ina ɗauko ma'aikata, da yamma in mayar da maigidan gida.

Kamfanin na mutum biyu ne. Ɗaya ɗan ƙasa ne, shi ne kafilina, wanda ya tsaya mini na samu izinin zama a ƙasar, ba mu cika ganinsa ba sai 'ya'yansa. Ɗayan wani tsoho ne Kirista ɗan Lebanon, wanda kowa ke kira Hawaja, yadda ake kiran irinsu a nan. Ya zo Jidda tun ba a haife ni ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana Kanada, shi kuma ciwon sukari ya fara cin idanunsa, har ya kai sai ya kusa manna hancinsa da takarda kafin ya gane rubutu. Ni nake tuƙa shi safe da yamma.

Wata rana muna cikin cunkoso sai ƙanena ya kira ni daga gida. Muka yi ta magana yadda muka saba, Hausa da Faransanci a cakuɗe. Da na ajiye wayar Hawaja ya tambaye ni daga kujerar baya, cikin Faransanci, ko ina iya karantawa kamar yadda nake magana. Na ce ina iyawa. Washegari bayan azahar ya sa aka kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa, ya miƙo mini wayarsa.

Saƙo ne daga wani mai ajiyar kaya a kusa da Bordo a ƙasar Faransa. Farkonsa bayanin sanyin ɗakin ajiya ne da yawan danshinsa, irin abin da nake gani kullum a takardun kwantena, don haka na karanta ba tare da wani tunani ba. Sai na zo kan kalmar. Giya ce, jar giyar inabi. Na tsaya. Hawaja ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce in kwantar da hankalina, ko kwalba ɗaya ba ta taɓa shigowa ƙasar nan ba, kuma ba za ta shigo ba.

Daga nan ya ba ni labarin. Tun yana matashi yake saye. Duk shekara, idan aka girbe inabi aka matse, tun ruwan yana cikin gangunan katako ba a zuba shi a kwalba ba, sai ya aika a yi masa rajistar akwati kaza. Daga baya a kai masa su wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a jera. Mafi yawansu bai taɓa ganinsu da idonsa ba. Niyyarsa ita ce idan ya ajiye aiki ya sayi ƙaramin gida a can, shi da matarsa, su riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kullum sai ya ce baɗi. Ana nan matar ta rasu, likita kuma ya hana shi ko ɗanɗanawa.

Na ƙarasa karatun a tsaye. Da na fita sai na samu kaina a bakin famfo ina kuskure baki, alhali ban ci komai ba.

Haka abin ya zama ɗabi'a. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya kira ni. Wani lokaci wasiƙar likita ce, wani lokaci saƙon wata ƙanwarsa, amma yawanci kwalaben ne. Na koyi abubuwan da ban taɓa neman sani ba. Na koyi cewa shekara tana da suna a wajen mutanen nan, akwai wadda ruwan sama ya ɓata, akwai wadda rana ta yi wa daidai, kuma ana tuna ta kamar yadda tsofaffinmu ke tuna shekarar da gero ya yi kyau. Na koyi cewa ana duba inda ruwan ya tsaya a wuyan kwalba, in ya sauka ƙasa darajar ta ragu. Akwatin katakon da ba a taɓa cire wa ƙusa ba ya fi wanda aka buɗe. Masu ɗanɗanawa kuma suna rubuta cewa wannan yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wancan na tsohuwar fata, wancan na taba da itace. Ina karantawa ina tuna masu sayar da turaren udu a tsohon gari, yadda suke lumshe ido su yi ta yabon ɗigo ɗaya. Hawaja ma lumshe ido yake yi. Wani lokaci ya ce in maimaita layi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba na ƙin zaman. Ofishin yana da sanyi, yana sa a kawo mini shayi, yana gyara mini lafazi ba tare da raini ba. Shekaru na yi ba wanda ya nemi wani abu daga gare ni sai tuƙi. Amma da zarar na fito sai abin ya tsaya mini a rai. Na daina iya zama wuri ɗaya. In na dawo unguwarmu Sa'alaba, maimakon in shiga gida, sai in wuce ƙofarmu in zagaya unguwa, in tsaya wajen mai gurasar tamis ban da niyyar saye, in dawo in sake wucewa. A salla sai in ji sunayen ƙauyukan Faransa suna yawo a kaina, in rasa raka'ar da nake.

Matata ce ta tsare ni. A Sa'alaba aka haife ta, kakanninta ne suka zo aikin hajji a ƙasa suka zauna, Hausarta rabi Larabci ce. Ta ce ta gaji da ganina ina shiga ina fita kamar wanda ya yar da makulli. Na gaya mata komai.

"Ka sha?" ta ce.

Na ce a'a.

"Ka ɗauka, ka kai wa wani?"

Na ce a'a.

"To halas, shi ke nan, baban yara. Makaho ne ka karanta wa wasiƙa. Yalla, abinci na hucewa."

Na so maganarta ta ishe ni, ba ta ishe ni ba. Ranar Juma'a na je wajen kawunta, wanda ke koyar da karatu a wani ƙaramin masallaci a unguwar. Ya saurare ni yana jan gemu. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce karanta wa tsoho abin da aka rubuto masa wani abu ne, Allah ya san halin ɗan aiki da iƙamarsa, takardar zamansa, ke hannun wani. Amma saye da sayarwa wani abu ne daban, domin haramcin bai tsaya a kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da duk wanda ya sa hannu. Ya ce in dai ba a zo nan ba, in yi ta istigfari in ci gaba, in kuwa aka zo, in janye hannuna. Na fito da ɗan sauƙi. Na ɗauka ba za a zo nan ɗin ba.

Ba a daɗe ba aka zo. Idon Hawaja na dama ya mutu gaba ɗaya, 'ya'yan kafili kuma suka fara shigowa ofis da safe suna zama a kujerun da ba nasu ba. Wata yamma a mota ya gaya mini zai sayar musu da rabonsa ya koma wajen ƙanwarsa a wani ƙauye kan dutse a Lebanon. Kwalaben kuma za a kai su gwanjo a Faris. Ya ce akwai aiki da yawa a gabanmu: za a aiko masu dubawa, za a raba kayan kashi-kashi, za a buga littafin gwanjon da hotuna, sai mun bi shi layi-layi.

Na sauke shi a gidansa na wuce. Kwanakin da suka biyo baya na yi ta shirya maganar a bakina, ina tuƙi ina maimaitawa, sau da yawa na wuce kwanar da zan shiga. Ina tsoron ya fusata ya gaya wa kafili ba ya sona. Ina kuma tsoron ya ƙi fusata. Da saƙon farko na masu gwanjon ya iso, ya miƙo mini wayar, sai na riƙe ta a hannu ban duba ba.

"Ya Ammi," na ce, yadda ake kiran dattijo a nan, "wasiƙar likita da ta 'yan'uwa, ko da yaushe ka kira ni zan zo. Wannan kuwa ciniki ne. Ba zan iya ba."

Ya juyo da idonsa mai ɗan gani wajen da nake. Ya ce ya zauna cikin Musulmi fiye da shekarun da na yi a duniya, kuma tun ranar farko yake jiran in faɗi haka. Ya ce ba komai, 'yarsa za ta yi daga Kanada. Ya miƙo hannu, na mayar masa da wayar.

Ya cika alkawari, bai sake kawo mini maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba. Sai dai hirar mota ta mutu. Da can yakan tambaye ni labarin Damagaram, ko ya ba ni na Jidda lokacin da tasha take ƙarama. Yanzu sai ƙarar na'urar sanyaya mota. Wani lokaci in zan wuce ta ƙofar ofishinsa sai in hango shi ya sunkuya kan waya da gilashin ƙara girma, yana bin layi da yatsa, yana komawa farko. In tsaya, in wuce, in sake dawowa da wani uzuri. Na ɗauka ƙin da na yi zai ba ni barci. Bai ba ni ba.

Ranar gwanjon ya bar ofis da wuri. Da muka iso gidansa ya ce in hau tare da shi in zauna, ko a kicin ne, ba ya son ya kasance shi kaɗai. Falon duk kwalaye ne, an fara ɗaure kaya. 'Yarsa ta aiko masa da hanyar da zai bi ya saurari gwanjon kai tsaye ta waya. Ya zauna ya yi ta danna fuskar wayar, yatsansa na sauka a gefe. Bai roƙe ni ba. Ina tsaye a bayansa ina kallo har na kasa jurewa, na miƙa hannu na danna masa. Muryar wata mace ta cika falon, tana magana da sauri.

Daidai nan aka kira la'asar. Na sauka masallaci, na yi sallar, na zauna kamar zan daɗe, sai na ga na miƙe. Na tsaya a gindin benen cikin zafi da danshin teku, rigata ta manne mini a baya. Na leƙa mota, na goge gilashin da ba shi da datti. Daga ƙarshe na hau.

Na same shi ya jingina, idanu rufe, wayar a kan cinyarsa. An zo kan kayansa. Matar takan kira sunan gona da shekara, mutane su yi ta ɗaga farashi, wasu a ɗakin, wasu ta waya daga ƙasashen da take ambata, sai a ji ƙwas, ta buga guduma ta wuce na gaba. Hawaja bai damu da farashin ba. Duk shekarar da aka kira sai ya faɗi wani abu a hankali, ba da ni yake ba. Wannan, shekarar da suka samu aikin siminti. Wannan, shekarar da ba su iya zuwa gida ba saboda yaƙi. Wannan, shekarar da matarsa ta koyi yin gurasar kubz a gida ta ƙona labule. Ni ina bakin ƙofar kicin, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Abin da ya ɗauki rabin rayuwarsa yana tarawa, kowane kashi bai fi a sha kofin ruwa ba an gama da shi.

Sai matar ta sanar da kashin da ke tafe bayan wanda ake ciki. Hawaja ya buɗe ido ya miƙe zaune. Ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, ya gaya wa 'yarsa a cire shi. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ɗana, kira su. Lambar tana cikin saƙon. Ka ce mai kayan ya janye."

Ban tsaya tunanin halas ko haram ba. Na ɗauko lambar na kira da tawa wayar. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. A falon kuma an riga an fara, ina jin matar tana yabon akwatin, wai ba a taɓa buɗe shi ba, mai shi ɗaya ne tun daga gona. Wani saurayi ya ɗauka. Na yi masa bayani da Faransancin da ban san ina da shi ba. Ya ce ya yi haƙuri matuƙa, amma an sa hannu a kan littafin tun makonnin baya, kuma da zarar an kira kashi ba shi da ikon tsayarwa, zai dai gwada isar da saƙo. Yana cikin wannan maganar na ji gudumar sau biyu, ɗaya a kunnena ta wayar saurayin, ɗaya a falo.

Hawaja ya ce, "Halas, an gama." Ya kife wayar a kan kujera, matar na ci gaba da magana a ƙarƙashi. Ya ce in dafa mana shayi.

Muna sha ya gaya mini akwatin na shekarar da aka haifi 'yarsa ne. Ya saya da nufin a buɗe ranar aurenta. Ta yi auren a Kanada cikin gaggawa, shi kuma wani jirgi ya maƙale masa a tasha da kayan mutane, bai je ba. Sai ya ce to ranar da ta haihu. Ba ta haihu ba. Ya ce ya tabbata ya gaya mata a cire, ko kuma ya yi niyyar gaya mata, yanzu shi ma ba ya rantsewa. Ita ta karanta masa littafin ta waya a gurguje tana hanyar aiki. Bai ce da ni ne na karanta masa da ya ji ba. Ni ma ban ce ba. Mun dai zauna da maganar a tsakaninmu har shayin ya huce.

Kafin magariba 'yar ta kira, muryarta cike da murna, wai an sayar da komai fiye da yadda aka zata. Ina jinsa yana ce mata madalla, ta yi ƙoƙari, ta gaishe da mijinta. Bai ambaci akwatin ba.

Na koma wajen kawu da labarin. Ya ce janye hannun da na yi daidai ne, kiran da na yi don a tsayar da ciniki kuma ba laifi a ciki. Na tambaye shi dannawar da na yi fa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ne masani, in ƙara istigfari. Matata kuwa, wadda na zata za ta ce halas kamar da, sai ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce ita dai da ita ce da ta karanta wa tsohon, ta bar wa Allah sauran. Na ce kawunta ne ya hana. Ta ce kawunta bai taɓa ganin mutumin ba. Muka kwana biyu ba ma wata doguwar magana. Har yau idan na auna abin, wata rana in tsaya wajen kawu, wata rana wajenta, ban taɓa kai mako a gefe ɗaya ba.

Hawaja ya tafi kafin azumin wannan shekarar. Ni na kai shi filin jirgi da hantsi. Ya ce mu bi ta gefen tasha ko da zagaye ne, in kashe na'urar sanyi in sauke gilashi. Iska mai zafi ta shigo da warin gishiri da man jirgi. Ya tambaye ni jirage nawa ne a jere, na gaya masa abin da nake gani, da launin kwantenonin, da manyan injinan ɗaga kaya da suka tsaya cik. Ya ce lokacin da ya zo mutane ne ke sauke buhu a ka, da yawansu masu irin harshena ne, kuma kalmar Hausa ta farko da ya koya ita ce sannu. Ya faɗe ta, ya ja ta da yawa, muka yi dariya.

A filin jirgin wani ma'aikaci ya zo da keken tura marasa lafiya. Hawaja ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce in gaishe da matata da bai taɓa gani ba, in kuma nemi aikin da ya fi tuƙi. Aka juya keken. Ya ɗaga hannu yana yi wa wani ginshiƙi bankwana, ni ina ta ɗaya gefen.

Da na fito, maimakon in juya kudu zuwa ofis, sai na samu kaina a hanyar arewa. Na ga kuskuren tun a kwanar farko, na kuma bar kwana ta biyu ta wuce. Gidaje suka yi ta raguwa, teku na ɓullowa a hagu yana ɓacewa. Ban san inda za ni ba, ƙafata dai ta ƙi sauka daga kan mai. Na yi nisa sosai kafin wayata ta yi ƙara. Babban ɗan kafili ne, yana tambaya ina motar take, akwai takardun da za a kai tasha kafin a tashi. Na ce masa ina hanya, na fara neman inda zan juya.